Babi na Biyar: Bashin Marka, Biyan Kaka

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin casar masara a ƙasar Ƙanƙara cikin watan Nuwamba ya san wani baƙo mai zuwa ba gayyata. A kan babur yake zuwa, da damin buhuna wofi ɗaure a baya. Zai yi sallama, ya yi wa jama'a barka da aiki, ya nemi inuwa ya zauna yana jan carbi. Ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Maigida ya san abin da ya kawo shi, yaran da ke zuba masara a bakin inji ma sun sani. Kafin ƙwaya ɗaya ta ga ƙofar rumbu sai an auna masa nasa, an ɗinke, an kira mai a-kori-kura ya kwashe. Abin da ya rage a kan tamfol shi ne na gida, kuma daga irin kallon da maigida ke yi wa ragowar za ka gane ya riga ya gama lissafi: ba za ta kai su damina ba.

Tun tsakiyar damina aka sa ranar wannan ziyara. Marka ta sauka, rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, tiyar dawa a kasuwa ta yi tashin gwauron zabo. A daidai lokacin ne masara ke neman taki na biyu, a daidai lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke bin yara ɗaki-ɗaki. Mutum ga gona a shuke, ga zufa a jiki, amma aljihu fayau. Sai ya wanke ƙafa ya nufi gidan mai hali. A ba shi taki, ko kuɗi, ko hatsi, a yanke yawan buhunan da zai mayar in an yi girbi. Wasu na kiran wannan ba-da-kaka, tsofaffi sun san shi da falle. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967 tana bin gidaje da gonaki, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Daga cikin abin da ta gani har da wannan: ƙaramin manomi yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi arha, ya dawo ya saye shi lokacin da ya fi tsada, mai hali kuwa rumbunsa na rufe har sai farashi ya yi masa. An haura shekara hamsin da wannan magana, kuma in ka karanta wa dattijo a 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara ita yau, cewa zai yi ai labarin gidansa ne.

Bari mu baje shi a faifai da misali. Gida ne mai baki goma, tiya biyu ake aunawa kullum. Buhu tiya arba'in ne, ke nan buhu ɗaya da rabi a wata, goma sha takwas a shekara. Allah ya ba da damina, aka samu buhu ashirin. Aka fitar da zakka, biyu. Saura goma sha takwas, cin shekara cif. Amma maigida ya karɓi uku da marka a kan zai mayar da shida. Saura goma sha biyu, abincin wata takwas, wanda zai ƙare a ƙarshen Yuni, daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfin noma. Ko da sabon gero da ɗanyar masara sun rufa asiri a watan ƙarshe, bana sai ya karɓi huɗu, da kaka ya mayar da takwas. Gona ba ta ragu ba, ruwa bai yi gardama ba, mutumin ba malalaci ba ne, ba mashayi ba ne. Rami ɗaya ne ya faɗa, yana kuma haƙa wani don ya cike shi.

Malamai sun bambanta abubuwa biyu a nan, kuma ya kamata mai karɓa ya san bambancin. A ba ka kuɗi yau a kan hatsi sananne, mai awo sananne, da za ka kawo a rana sananniya, wannan ciniki ne da fiƙihu ya sani da sunan salam, ya halatta shi da sharuɗɗa. A ba ka buhun masara ɗaya ka mayar da biyu kuwa, wannan riba ce tsagwaronta, ko da an shafa mata man taimako. Sai dai na lura halaccin na farkon bai hana a danne mai buƙata a farashi ba. Wanda yaronsa ke kwance ba ya taya.

Da can, maganin wannan cuta sananne ne, kowane dattijo zai faɗa maka: ka rufe rumbu, ka ajiye dabba. Akuya ita ce asusun mace, sa shi ne bankin namiji. In marka ta matsa, a ja tunkiya zuwa kasuwar Sheme ko 'Yankara a dawo da dawa. Abin da ya sa na zaɓi wannan yanki na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa don wannan babi shi ne a nan aka fasa bankin. Satar shanu ta fara cinye garke, sannan ta koma satar mutane. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, amma ƙauyuka sun daɗe suna sha kafin nan. A damina ta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, har da waɗannan ukun, na tsawon watanni. Matakin tsaro ne, amma wanda ke da rago a turke ya rasa inda zai sayar, wanda ke jiran saƙon ɗansa daga Legas ya rasa hanyar ji. A farkon 2023 aka shiga wahalar sauya takardun naira, mai kuɗi a banki ya koma yana sayen kuɗinsa a hannun masu POS. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ta ja kuɗin niƙa, kuɗin mota da kuɗin casa suka bi ta. Sannan a daren Lahadi 9 ga Yunin 2024, mako guda kafin Babbar Sallah, ana tsakiyar shuka, 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje kanta. Mutanen garin sun ce aƙalla mutum 50 aka kashe, aka tafi da wasu.

Saboda haka akwai bashin da ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi a kansa. Wanda ya jinginar da gonar gado, ya sayar da shanun huɗa, ya bi dangi gida-gida don haɗa kuɗin fansar matarsa, bai yi almubazzaranci ba. Littattafan tattali da ake rubutawa a birni, masu cewa ka rage shan lemo ka daina sayen kati, ba su san da shi ba. Amma shi ma in ƙura ta lafa dole ya zauna ya fuskanci abin da ake binsa, kuma hanyar fitar ɗaya ce da ta mai bashin taki, illa dai tasa ta fi tsawo.

Wurin wani kawuna na ga yadda ake fara ta. Manomi ne a wani ƙauye kudu da Ƙanƙara, mutum mai kunya, irin wanda zai canza hanya don kada ya wuce ta gaban shagon da ake binsa kuɗin sabulu. Wata shekara na kai masa ziyara bayan kaka na tarar ya rame. Da dare muna zaune a zaure na tambaye shi nawa ake binsa. Ya ce, "Ɗan nan, da yawa." Na ce, "Kawu, da yawa ai ba adadi ba ne." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na yago takarda daga littafin makarantar jikansa, muka fara. Alhajin taki, buhu shida. Mai kemis. Mai shago. Ƙanin matarsa, wanda ya riƙe wata 'yar gonarsa ta fadama jingina shekara uku. Kuɗin ƙungiyar masallaci. Can sai muka ji murya daga bayan asabari: "Malam, ka manta da zubin adashina biyu da ka karɓa da azumi." Ashe Inna, matarsa, tana nan tana ji. Ya ce, "Ke ma bina kike?" Ta ce, "Ni ce ma ta farko."

Da muka tara, abin bai kai yadda yake jin nauyinsa a ƙirji ba. Na sha ganin haka. Bashin da ba a rubuta ba yana kumbura da dare. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu mun mayar da rubutu alamar rashin yarda, har mutum ya ji kunyar cewa a kawo takarda tsakaninsa da ɗan'uwansa. Sai wani ya rasu a bar magada da mai bin bashi suna rantse-rantse.

Shigowar Inna cikin maganar ita ce rabin maganin, ko da yake Kawu bai so ba a daren. Maigida da yawa na ɓoye wa iyali bashi don kare girma, alhali wadda ke auna tiya kullum ita kaɗai ke iya sa buhu ya ƙara kwana uku. In ba ta san halin da ake ciki ba, za ta auna yadda ta saba, ta kai wa maƙwabta tuwo yadda ta saba, ta karɓi ankon biki yadda ta saba, kuma ba laifinta.

Daga nan muka jera basussukan, ba bisa wanda ya fi tsananta tambaya ba. Wanda ke haihuwa shi ne a gaba, wato na Alhajin taki, domin duk kakar da ya tsallake sai ya ƙaru. Na biyu wanda ya riƙe abin nema, wato jinginar fadama, domin a cikinta ake noman rani, tumatir da albasar da za su biya sauran. Na mai shago da mai kemis ba sa ƙaruwa, kunya kawai suke jawowa, kuma kunya ana rage ta da naira ɗari biyar duk ranar kasuwa. Mai shago da ya ga kana zuwa da kanka da ɗan abin da ya samu, ya fi sakin fuska a kan wanda ya ga kana zagaye masa.

Abu mafi wuya shi ne zuwa wurin Alhaji kafin Alhaji ya zo. Kawu ya kwana biyu yana juya abin. Rana ta uku bayan sallar asuba ya tafi, na raka shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri. Shida kake bina. Huɗu na kawo. In na ba ka shidan nan yau, wallahi da marka zan dawo maka neman huɗu. Ka yi mini haƙuri da biyun zuwa baɗi, a yadda suke, kada su ƙaru." Alhaji ya yi shiru yana kallon tabarma, ya ce shi ma kuɗin mutane ne yake juyawa, wanda kuma gaskiya ne, yawancinsu daga manyan 'yan kasuwar Ɗandume ko Funtuwa suke karɓowa. Daga ƙarshe ya yarda, aka kira limamin unguwa ya shaida. Ba kowane Alhaji ke yarda ba, kada in yi maka ƙarya. Amma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma a garin da kowa ke haɗuwa da kowa a sahu ɗaya sau biyar a rana, wannan magana tana da nauyi a bakin liman. Haka nan mutane kan manta cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka ambata a Suratut Tauba. Da kaka ake fitar da zakkar hatsi, da kaka ake biyan bashi. Da masu fitarwa za su riƙa tuna maƙwabcin da ake auna wa baƙo hatsinsa, da wasu ramukan sun cike tun a wurin casa.

Biyun nan da aka ɗaga su ne jarin fita. Sai kuma tsare abin da ya shiga rumbu. Ƙa'idar da Inna ta kafa ita ce dawa da masara ba sa fita ƙofar gida da sunan sayarwa. In buƙatar kuɗi ta taso, akwai waken soya, akwai wake, akwai barkono, akwai auduga ga mai yin ta, ƙasar Faskari da Funtuwa ai tun zamanin Turawa an san ta da ita. Wake ma ba sai an zubar da shi da arha don tsoron ƙwari ba, tun da aka samu buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa a waje, in an ɗaure kowanne tam iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba guba a abinci ba. Sharaɗin dai waken ya bushe sarai, kuma kada ɓera ko tsinke ya huda ledar.

Sai dai a wannan yanki ƙwari ba su ne babban ɓarawo ba. Rumbu cike a ƙauyen da ke bakin daji tsokana ne: a kwashe ko a cinna masa wuta. Shi ya sa masu dabara suka koma raba ƙafa, a bar na wata biyu ko uku a gida, sauran a kai wurin amintacce a cikin garin Ƙanƙara, Malumfashi ko Funtuwa, a riƙa ɗaukowa kaɗan-kaɗan. Kuɗin mota ne da kuɗin ajiya, amma ya fi asarar duka. A Jamhuriyar Nijar an daɗe da mayar da irin wannan tsari: tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, manoma kan tara hatsinsu da kaka a sito guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su wani kaso na kuɗin hatsin su yi sana'ar rani, bayan watanni su biya, a buɗe sito, kowa ya ɗauki buhunsa lokacin da ya fi daraja. Ba-da-kaka ne aka juya kansa ƙasa. Gargaɗi ɗaya: ajiyar ci daban, ajiyar caca daban. A 2025 farashin masara ya faɗo warwas, waɗanda suka ci bashi suka ɓoye hatsi suna jiran tsada irin ta 2024 suka tafka asara. Wanda ya ajiye don tukunyarsa bai rasa komai ba, tuwonsa bai san farashi ba.

Ɓangaren kuɗi kuwa mata sun riga maza nisa. Adashi kowa ya san shi, kuma yana da kyau wurin tara kuɗin katifa ko keken ɗinki, amma yana da aibi guda: kwasarki na zuwa ne ranar da layi ya zo kanki, ciwon yaro kuwa ba ya bin layi. Wannan giɓi ne matan jihar Maraɗi suka toshe a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta taimaka aka kafa abin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta daga ciki ta mayar, akwai kuma ɗan asusun gefe na rashin lafiya da rasuwa. In shekara ta zagayo a fasa a raba. Daga ƙauyukan Hausawan Maraɗi wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, abin da ban cika jin muna alfahari da shi ba. Inda aka tsara shi da kuɗin ruwa, ƙungiyoyi da yawa a wajenmu sun cire, suka koma rance ba ƙari, ko su sayi kaya da kuɗin akwati su sayar a raba riba. Abin da zan ƙara shi ne lokacin fasawa. Yawanci an fi son a fasa dab da Sallah. Gidan da ke son rabuwa da baƙon kaka, a watan Yuli ya kamata ya karɓi rabonsa.

Kada kuma a bar takardar naira ta daɗe a kwance. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, ma'ana dubu goman da aka binne a asusu shekara guda kafin nan ba ta sayen fiye da abin da dubu bakwai da 'yan kai ke saya a lokacin da aka binne ta. Wadda ta fasa asusu da kaka ta sayi tiya goma ta ɗaure, ta fi wadda ta bar shi har bazara. Kaɗan a waya, kaɗan a hatsi, kaɗan a kaji ko 'yar akuya da ba ta jan ido. Shekarar 2021 ta nuna waya na iya mutuwa, 2023 ta nuna banki na iya riƙe maka naka, dare ɗaya kuma ya isa a kore dabba.

Biki na bari a ƙarshe don na san nan ake faɗa. Da kaka ake ɗaura aure, kuma kayan ɗaki da gara da anko sun ci rumbuna fiye da gara mai cin itace. Gudummawar da ake kawo wa uwar amarya ma bashi ce da ba a kiran ta da sunanta, an rubuta a ƙwaƙwalwa, ranar bikin mai kawowa za a mayar har da ɗori. Ba na cewa a daina, zumunci ne, kuma su ne mutanen da ke tashi tsaye ranar da aka ɗauke wani. Inna dai da aka zo aurar da 'yar autarta ta ce gado ɗaya, katifa ɗaya, kwanuka daidai amfani, kujeru sai miji ya samu. An yi ta da ita a unguwa har wata biyu, daga baya aka samu wani abin magana.

Kaka uku aka yi kafin Kawu ya fita. A ta farko ya biya biyun da aka ɗaga masa, amma sai da ya sake karɓar ɗaya da marka, domin jikansa ya kwanta asibiti. A ta biyu ya fanshi fadama, bayan babban ɗansa ya yi cin rani a Abuja yana tura kura. A ta uku na je na tarar ana casa. A jikin bangon ɗakin Inna akwai zane-zanen gawayi jere, kowane layi buhu ɗaya, an soke waɗanda aka cinye, guda ɗaya ya rage ba a soke ba daga na bara. Da hantsi sai ga ƙarar babur. Alhaji ne, da buhunansa a baya, zai wuce gonar maƙwabci. Ya tsaya suka gaisa, Kawu ya sa yaro ya kawo masa ruwa a moɗa, ya tambaye shi nawa taki yake bana in mutum zai biya hannu da hannu.